Cikin Aro a Kasuwar Barmu

Faya ta fashe mini a tsakiyar kasuwar Barmu, tsakanin masu albasa da masu tabarmi, a gaban gwaggon saurayina. Ni kuwa ko lallen aure ba a taɓa sa mini ba.

Ruwa ya bi cinyoyina shaaa, ya jiƙa zanena mai ruwan ganye, ya gangara ya shige ƙarƙashin buhun wani bawan Allah. Mai tuyar ƙosai ce ta fara kurma ihu, ta bar kaskonta a wuta.

"Wayyo jama'a! Madam ta likita na haihuwa! Ku kawo amalanke!"

Na ɗago kai daga inda nake tsugune. Gwaggo Raƙiya tana tsaye a kaina, kwando a hagu, lema a dama, mayafinta na Makka mai ruwan toka ko lanƙwasa babu. Ta dubi fuskata. Ta dubi cikin da ya turo hijabina gaba kamar na haɗiye tulu. Ta koma kan fuskata.

"Ɗiyar Malam Illa," ta ce a hankali, yadda ba mai ji sai ni. "Ke ta, ko idona na?"

"Ina wuni, Gwaggo."

Wallahi abin da ya fito daga bakina ke nan. Ina wuni.

To, kafin ku fara tsine mini a ƙasan shafin nan, ku ja numfashi, ku bari in koma baya kaɗan.

Sunana Zalika. A Tawa aka haife ni, ina shekarar ƙarshe a makarantar sajfam, wato ungozomomin asibiti. Makarantarmu tana musaya da wata makaranta a arewacin Togo: su turo ɗalibarsu ta yi aiki a ƙauyukanmu, a ɗauki tamu ta je ta yi damina a nasu, ta ga yadda suke karɓar haihuwa inda babu lantarki babu lokotoro. Tasu ta zo, ita ce Tina, doguwa kamar falwaya, mai Hausar zango da ta tsinta wurin masu tsiren garinsu. Tamu kuma, da aka tace aka sake tacewa, ni ce.

Sai dai akwai Alƙasum. Mai allurar dabbobi ne, mai wushirya, wanda ya iya sa ni dariya ko ina tsakiyar fushi. An sa bikinmu farkon damina, daidai lokacin tafiyar. Na yi kuka, na yi yajin cin tuwo, Babana ya ce shi ba ya tayar da magana shi kaɗai: in dangin yaro sun yarda a ɗaga biki sai kaka, in tafi da albarkarsa, in ba su yarda ba, in cusa fasfo a ƙasan akwati. Dangin yaro kuwa mutum ɗaya ne: Gwaggo Raƙiya, wadda ta riƙe Alƙasum tun rasuwar mahaifiyarsa. Da aka kai mata maganar, cewa ta yi, "Budurwa ta tahi ƙasar wasu leƙen matan mutane? Bari in yi tunani." Tun lokacin sanyi take tunanin nan, ga bazara ta kusa fita.

Yau kuma ta same ni da cikin wata tara.

Cikin na aro ne. Kayan koyarwa ne da Tina ta zo da shi daga makarantarsu: jaka ce ta yadi da roba, ana ɗaura ta a wuya da ƙugu, a ciki akwai jaririn roba baƙi wuluk da cibiyarsa da mabiyiyarsa, da wata 'yar salka da ake cika da ruwa a toshe. Ɗaya ta ɗaura ta yi naƙudar ƙarya, ɗaya ta karɓi haihuwa. Jaririn mun raɗa masa suna Abdulrahim, don duk faɗuwar da yake sha bai taɓa kai ƙara ba.

Ƙauyen farko da aka kai mu koyon aiki, can wajen Kalfu, zaman banza muka sha. Mata su leƙo, su ga 'yan mata biyu cikin farar riga, su juya. Wata tsohuwa ta faɗa mini ido cikin ido: "Ke da ba ki taɓa durƙusawa ba, mi za ki gaya ma wadda ta durƙusa bakwai? Matar aure ba ta buɗe cikinta gaban budurwa."

Da aka maido mu Tudun Aduwa, ƙauyen da ake hangowa daga bakin kasuwar Barmu, motar haya muka shiga, ta cika har rufi. Direba ya ce jakar Abdulrahim ba ta da wuri. Ni da shegantaka sai na zagaya bayan tasha, na ɗaura abina, na saki hijabi a kai. Direban nan yana ganina ya sauko da wani ƙato daga gidan gaba, ya ce, "Hajiya, bismilla." Tina ta yi dariya har da riƙe ciki, nata na gaske.

Niyyata in kwance da mun isa. Amma a ƙofar 'yar likitar ƙauyen, wato ɗan asibitinsu, motar ta sauke mu, mata na zaune a inuwar aduwa. Kafin in gyara tsayuwa wata ta karɓi jakata, wata ta turo mini kujera, wata ta ce, "Sannu Madam, wata nawa?" Kafin la'asar na ji abin da ban ji ba duk zamanmu na wancan ƙauyen: wadda ke ganin jini, wadda ɗanta ya rage motsi, wadda ke shan jiƙo a ɓoye. Washegari benci ya cika da masu awo. Majo, shugaban likitar, ya kalli cikin, ya kalli bencin, ya kalli sama, ya ce shi dai kwanan nan gilashinsa ya ɓata.

Ku faɗi tsakaninku da Allah, in ku ne za ku kwance?

Na ce musu mijina direban babbar mota ne, yana hanyar Agadas. In na cika salkar da ruwan randa da safe kuwa, duk zafin ƙasarmu ta Adar ni ina cikin ni'ima. Yau ne kawai tsautsayi ya ce in shiga kasuwa in sayi cuku. Na hango lemar Gwaggo, na tsuguna bayan buhunan albasa in ɓuya, cinyata ta matse salka, toshiya ta yi tsalle. Sauran kun riga kun ji.

Amalanken jaki ya iso, hannuwa suka ɗaga ni cak suka ɗora. Wadda ta fara hawa ta tallafi kaina a cinyarta ita ce Ummu, Ummul Kulsum matar Yunusu mai faci, ƙawata ta awo. Nata cikin na gaske ne, ya tsufa, ƙafafunta sun kumbura har silifa ba ya shiga sai rabi.

"Yi salati, ƙawa," ta ce, tana min fifita da gefen mayafi. "Ja'ira, kin riga ni. Ba haka munka yi da ke ba."

Aka ce wa Gwaggo, "Hajiya, da alama kin san ta, hau mana." Ta ɗaga ƙafa za ta hau, ta dubi bayan amalanken, sai ta mayar da ƙafar ƙasa.

"Ban hawa bayan jaki da tsufana," ta ce, ta juya ta ɗaga wa ɗan kabu-kabu lema. Na ce a raina, ji girman kai. Ummu kuwa ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta, na ɗauka rana ce ta dame ta.

Sa'ata ɗaya, a wurinmu mace ba ta kuka a naƙuda. Shirun tsoron da na yi sai ya koma jarumta.

"Ku ga mace!" in ji wata daga cikin masu bin amalanken. "Ko uhum ba ta ce ba, kuma haihuwar hwari!"

Salulata ta fara ɓari a ƙarƙashin hijabi. Na ja hijabin na rufe kai kamar ciwo ne ya ci ƙarfina, na duba. Saƙonnin Alƙasum ne.

"Zali, Gwaggo ta kira ni daga kan babur tana zagi. Wai kina haihuwa a Barmu."

"Zali, ranar da na raka ki tasha kamar tsinken tsire kike. Mi ke faruwa?"

"Ki amsa don Allah."

Sai na huɗun ya shigo.

"Ban gane komai ba. Amma na ce mata nawa ne. Duk wanda ya tambaye ki, haka za ki ce."

Jama'a, nan fa hawayen gaske suka zo. Mutumin da ko hannuna bai taɓa riƙewa ba, ya ɗauki abin kunyar da za a yi ta faɗi a Tawa har jikokinsa, ya aza a kansa, bai ko tambayi ba'asi ba. Ummu ta ji ina shessheka.

"Ya taso, ƙawa?"

"Ya taso," na ce.

Salula ta sake ɓari.

"Yanzu ke kuma gaya mani na wane ne, in je in yi mashi allurar raƙuma."

Muna isa likita Tina ta fito da safar hannu. Ta ga zanena sharkaf, ta ga taron mata, ta sunkuyo kaina ta tambaye ni da Faransanci me ya faru. Na ce, "Toshiya." Ta ciji leɓe har sai da na ga jijiyar wuyanta, ta miƙe ta haɗe rai.

"Kowa waje! Mama, Mama, kowa waje!"

Kowa ya tsaya a waje ban da mutum ɗaya. Babur ya riga jaki, Gwaggo tana bakin ƙofa.

"Mama, ba a shiga."

"Ke doguwa, tun ba a haihi uwarki ba nike shiga ɗakin haihuwa. Kauce."

Ta shigo, ta sa sakata da kanta. Ta ajiye kwando, ta cire mayafin Makka ta ɗaure a ƙugu. Na rufe ido ina jiran mari. Sai na ji hannunta a goshina, tana share mini zufa.

"Zagi na nan tahe, ba shi ruɓewa," ta ce. "Ɗan banzan ya amsa laihinai, ni da shi ne. Yanzu dai a hidda ke lahiya. Bari in ji kwanciyar ɗan."

"Gwaggo, don Allah ki tsaya in..."

"Yi mani shiru."

Ta sa hannu a ƙarƙashin hijabi. Hannun ya tsaya. Ya lalubi maɗauri, ya bi shi har wuyana, ya dawo. Ta ja bakin jakar da ƙarfi. Abdulrahim ya sulluɓo da ka, ya bugi siminti ƙwal, cibiyarsa na biye da shi.

"Innalillahi!"

Kafin in ƙifta ido tsohuwar nan ta sure shi, ta kife shi a tafin hannu, ta ɗaka masa duka a gindi, ta hura masa iska a fuska. Sai a hurawa ta biyu ta tsaya. Ta latsa kumatunsa. Kumatun ya lotsa, ya dawo.

"Wanga mi na?"

"Abdulrahim, Mama," in ji Tina.

Ban san lokacin da takalmin Gwaggo ya bar ƙafarta ba, na dai ji shi a kafaɗata. Na zagaya gadon awo, ta biyo ni da jariri a hannu ɗaya, takalmi a ɗaya, tana zagi ƙasa-ƙasa don kar na waje su ji. Ina gudu ina bayani: Kalfu, motar haya, benci, duka.

"Ni kunka maida mahaukaciya? Na hau babur da tsufana, na tsine ma marayan Allah, shi kuma sakaran ya amsa cikin roba! Togo? Ko Kalhu ba ki sake gani. Bikin ma sai na sake tunani. Yanzu ni buɗe ƙohwag ga in nuna ma matan garin ga abin da ka auna su!"

Ta nufi ƙofa. Na riga ta, na zube a gwiwa na tare sakatar da bayana.

"Gwaggo, ki yanka ni in kin so, amma ba yau ba. Akwai mace a waje, in ta ga wanga ba ta sake tako nan, kuma cikinta na iya kashe ta."

"Kauce."

"Jininta ya hau. Ƙahwahunta sun kumbura, kanta na sara, jiya ta ce tana ganin taurari da rana tsaka. Haihuwa biyu ta yi a gida, duka ba rai. Mun ce ta tahi babbar likita ta Tawa, dangin mijinta sun ce raguwa ka haihuwa bisa gado. Ni kaɗai ta yarda da ni. Ta ce in ni za ni Tawa haihuwa, ta bi ni mu sauka tare. Dabarar da zan kai ta nike nema, wallahi, tun makon jiya ban barci."

"Wace ta?"

"Wadda ta riƙe kaina a amalanke."

Takalmin ya sauka a hankali.

"Ummu, Mama," Tina ta ƙara, don ta taimaka. "Ummul Kulsum. Kin san Ummu?"

Gwaggo ta juya fuskarta ga bango, ta kai hannu ta rufe baki.

Tina ba ta gane ba, amma ni 'yar Adar ce. Sunaye biyu ne ke sa dattijuwa irin Gwaggo ta juya wa bango fuska: na mijinta, da na ɗanta na fari. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa, ba ta zama wuri ɗaya da shi a gaban mutane, sau da yawa ma kaka ake miƙa wa tun daga yaye. 'Ya'yan Gwaggo maza na sani a Tawa. Ashe akwai wadda ta riga su, Ummu ke nan, a nan kakarta ta riƙe ta, a nan aka yi mata aure. Duk zuwan da nake gaisuwa gidansu Alƙasum ban taɓa jin sunanta ba. "Waccan ta Barmu" kawai nake ji ana cewa, ni kuwa na ɗauka saniya ce aka ba kiwo.

Shi ya sa ba ta hau amalanke ba.

"Biyun na sani," Gwaggo ta ce wa bango. "Ba wanda ya gaya mani wanga karo da kumburi." Sannan ta tambaya, "In ba ta tahi ba fa?"

Tina ce ta amsa, wannan karon ba wasa a fuskarta. "Jijjiga, Mama. Uwa da ɗa, duka biyu."

Muka tsaya mu uku, ba abin da ake ji sai surutun mata a waje, suna gardamar ko mace ce ko namiji. Can Gwaggo ta juyo. Idonta ya yi ja, amma ko ɗigo bai sauka ba. Ta miƙo mini Abdulrahim ta ƙafa.

"Maida shi."

"Na'am?"

"Kurma ta ke? Maida ɗan banzan ga inda ya hito."

Ta jawo kwandonta tana neman zare. Ta ɗaga ƙullin busasshen tumatir, ta ɗaga na kuka, sai ga 'yan hulunan jarirai na ulu, da sabulu, da turaren wuta, da sabon zane a ninke. Ta ga na gani. Ta harare ni, na mayar da idona kan rufi.

Da butarta ta alwala ta cika salkar. Ta mayar da toshiya, ta naɗe ta da zare, ta ciji zaren ta tsinke. Ta ɗaura mini maɗaurin ƙugu da ƙarfin da sai da na ambaci sunan Allah. Sannan ta ja baya ta ƙare mini kallo.

"Wane jahili ya ɗaura maki shi a ƙirji? Cikin wata tara sauka shikai." Ta danna shi ƙasa. "Kuma ki bar tahiya awa soja. Buɗe ƙahwa. Dahe ƙugu. Haka. Shekara nawa kina lakwal kina karatu, ciki ma ba ki iya ba."

Ta mayar da mayafinta, ta ɗauki lema, ta zare sakata. Mata suka yunƙuro.

"Hajiya, mi anka samu?"

"Ku watse, ba haihuwa ba ta," in ji Gwaggo, da muryar da za a ji har kasuwa. "Hitsari na. Ɗan ya danne mata mara, ta sake shi gaban maza."

Wayyo ni Zalika! Dariyar da aka yi a ƙarƙashin aduwar nan har jakin amalanke sai da ya tsorata. Mai ƙosai ta zauna a ƙasa tana bubbuga cinya. Ina tsaye a bakin ƙofa, ƙafa a buɗe, hannu a ƙugu, ina kallon gefen bakin Gwaggo yana motsi. Ramuwarta ke nan, kuma ta more ta.

"Amma doguwag ga ta ce ba a barin ta nan," ta ci gaba. "Tawa za a kai ta yanzu, can za ta zauna har ta sauka. Ni tsohuwa ta, ban iya jinya. Ana son mai ciki 'yar uwarta ta raka ta." Ta ɗaga kai tana kallon rassan aduwa. "Waccan mai riƙe da takalmanta, ta shiga mota."

Ummu na rungume da takalmana a ƙirji. Ta sunkuyar da kai, ta yi wa ƙasa magana.

"Sai an gaya ma maigida."

"A gaya ma mai faci," in ji Gwaggo, har yanzu da itacen take magana, "Raƙiya ta Tawa ta ce. In shina da ja, ko uwatai na da ja, sun san gidana."

Wata tsohuwa mai haƙori ɗaya ta kama haɓa. "Ikon Allah. Yau Raƙiya ta yi magana da aduwa, aduwa kuma ta ji."

Majo ya kira ambilans, bai tambayi kowa komai ba, gilashinsa dai har yanzu bai gan shi ba. Gwaggo ta shige gaba kusa da direba. Mu uku a baya, Tina na auna jinin Ummu a kai a kai, Ummu kuma duk ramin da muka faɗa sai ta dafa ni.

"Ƙawa, matse dai. Kar ki jiƙa masu mota."

Ina dariya, amma dariyar ba ta kai zuci ba. Matar nan ta bar gidanta da ciwon kai don ta yi jinyar jaririn roba.

Na shige cikin hijabi na tura wa Alƙasum hoton Abdulrahim da ke salulata, na rubuta, "Ga ɗan da ka amsa. Bayani sai na zo. Kar ka gaya ma kowa, rai na ciki." Amsa ta shigo:

"Hancin nawa ne."

"Amma Zali, ranar da kika sake tsorata ni haka, ke zan yi ma allurar."

Wajen rabin hanya hannun Gwaggo ya zuro ta saman kafaɗarta, ba ta waiwayo ba, da dabino cike da tafi.

"Ba ma ta kusa da ke."

Ummu ta karɓa da hannu biyu. Ba ta ci ba, ta ƙulle a bakin zane.

Rana ta karkata muka shiga Tawa. A ɗakin masu haihuwa 'yan ajinmu biyu ne ke aiki, ɗaya ta kusa sakin tire da ta gan ni. Tina ta ja su gefe ta yi musu raɗa, suka dawo suna "Sannu Madam" suna cizon leɓe. Aka kwantar da Ummu a gado kusa da taga, aka yi mata allura, aka sa mata ƙarin ruwa. Lokotoro ya duba awon jininta, ya dube mu, ya ce wanda ya kawo ta yau ya kyauta. Da zan fita Ummu ta riƙe wuyan hannuna.

"Kar ki tahi, ƙawa. In kin tahi, wallahi tsige abin ga nikai in bi ki."

"Ni sun ce nawa da saura. Ga benci can inda kike ganina ta taga. Ko nan da can ba ni zuwa."

Gwaggo na zaune a bencin, ƙarƙashin dogon yaro, ta ba tagar baya. Carbi na gudu a hannunta.

"Mi sunka ce?"

Na faɗa mata duka. Ta ja carbin har ya zagayo, sannan ta yi magana.

"Ƙarya dai kin yi ta, kuma Allah na gani. Ranar da waccan ta sauka, ke da bakinki za ki gaya mata, ki koma ki gaya ma matan Tudun Aduwa. In sun jehe ki, ke kinka saya. Amma har ta sauka, cikin ga bai sauka."

"To, Gwaggo."

"In ta tashi da ƙahwahunta..." Ta gyara riƙon carbi. "A ɗaga biki sai kaka. Ni gaya ma Malam Illa da kaina. Ki tahi Togon, ki koyo abin da ka sa a gane ciwo tun uwar mutum ba ta sani ba."

Na yunƙura zan zube in gode.

"Kar ki tsuguna, don ubanki!"

Na koma na zauna, ina dariya ina hawaye. Sai kuma abin ya faɗo mini.

"Gwaggo, nan fa Tawa ta. Unguwarmu na bayan katangag ga. Rabin matan da ka shigowa nan sun san Innata."

"Wagga matsalarki ta," ta ce, ta gyara mayafi.

Ba ta rufe baki ba wata farar mota ta shigo ta tsaya daidai gabanmu. Wata mata ta fito, gajera, furfura fal kanta, gilashi rataye da sarƙa a wuya, riga da siket na atamfa an yi musu guga kamar za su yanki mutum. Ban taɓa ganinta ba. Amma Tina, da ke fitowa da kofin ruwa, ta tsaya cak, ruwan ya zube a ƙafarta.

"Shugabar makarantarmu ta Togo," ta raɗa mini. "Sai wata mai kamawa aka ce za ta zo."

Matar ta sumbaci Tina a kumatu, ta gaida Gwaggo da kai, ta ce da Faransanci mai sanyi ta biya makarantarmu aka ce mata mun kawo mara lafiya nan. Ita ba ta ɗaukar ɗaliba zuwa ƙauyukansu sai ta gan ta da idonta, ta tabbata za ta iya hawan dutse da damina.

"Ina Madmazel Zalika Illa?"

Hannuna ya tafi bayan wuya da kansa, yana laluben ƙullin maɗauri. Sai na hango taga. Ummu ta ɗago kai daga matashi, tana ɗaga mini hannun da ba ƙarin ruwa. A lokacin kuma yatsun Gwaggo suka damƙi cinyata kamar awartaki.

Gwaggo ba ta jin Faransanci ko na gaisuwa, amma ta ji sunana. Ta saki murmushin da ban taɓa gani a fuskarta ba, ta nuna ni da baki.

"Ga ta nan, baƙuwa. Yi mata sannu, yau ko gobe na."